Banɗakin da Direba Ya Haɗa da Kansa

"Na gaya maka, Baba, ba zan ɗaura ba. Ko kwana za mu yi a nan muna musu, ba zan ɗaura ba."

"Don me? Don ba kai ka sayo ba, babu abin da ya faɗa aljihunka?"

"Don bakinsa ta baya yake!" Mai famfo ya durƙusa ya rungumi masan, ya juyo da bayansa wajen haske. "Duba nan da idonka. Wannan ta bango yake fitar da kaya. Ni kuma bututuna ga shi a ƙasa, ya hangame baki yana kallon sama. To ta ina za su gaisa?"

Mai tayil yana zaune a bakin ƙofa kan bokitin fenti da ya kife, yana sakace. Ya ce, "Sai dai su gaisa ta waya."

Direba bai yi dariya ba. Yana tsaye a tsakiyar banɗakin da ya cinye duk abin da ya tara a kan titi, hannunsa ɗaya dafe da ƙugu, don bayansa ya daɗe da fara yi masa gardama. Banɗakin kam ya yi kyau, babu ƙarya. Farin tayil sama da ƙasa, sai ƙyalli, har mutum ya ga fuskarsa. Sauran gidan kuwa ko shafe ba a gama ba, tagogi buhunan siminti ne, tsakar gida tulin yashi da guntayen bulo. Duk wanda ya leƙo sai ya ce wannan dattijo ta wutsiya ya fara gini.

Mai famfo ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Tun kafin a zuba daɓe na ce ka nuna min kayan. Na ce ko ban ce ba? Ka ce min masai masai ne, in sa bututu in daina surutu."

"Kuma ƙarya na yi?"

"Ai ga shi nan yana ba ka amsa."

"Da na nuna maka, da yanzu yana gidan wani Alhaji, ni kuma an kawo min mai kama da shi."

"Ni kake kira ɓarawo, Baba?"

"Ni ban kira sunan kowa ba."

Ga inda abin ya samo asali. Direba ya yi shekaru da shekaru yana tuƙa babbar mota, kuma duk tsawon zamanin nan bai taɓa ba bakanike kuɗi ya ce je ka sayo ba. Da kansa yake sayen kayan gyara, ya kulle su a bayan kujera, sai an kwance tsoho an ajiye a gabansa sannan ya fito da sabo, ya tsaya a kan bakanike har a ɗaure noti na ƙarshe. Wannan ɗabi'a ta tsare masa mota. Da ya zo gini sai ya ɗauka gida ma babbar mota ce da ba ta da taya. Masan ya saye shi ne a wani gari mai nisa, a tafiyarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye makulli, irin mai tsawon nan da ake yi wa marasa ƙarfin ƙafa, wanda ba sai an duƙa ƙasa sosai ba. Ya kawo shi cikin kwali ya cusa bayan gado, ya rufe da tsohon bargo. Ko maƙwabta, waɗanda suka san abin da ke cikin tukunyar kowa, ba su san da shi ba sai yau da aka ga ya ɗauko shi a baro.

Direba ya sassauta murya. "To yanzu mene ne abin yi?"

"A fasa tayil, a haƙe, a karkatar da bututu ta bango."

Mai tayil ya cire tsinken daga bakinsa. "Wanda ya taɓa min tayil ɗin nan, ya nemi wanda zai mayar. Irinsa ya ƙare a kasuwa. Kuma bayan bangon nan katangar maƙwabci ce, manne suke. A ɗakin matarsa za ku fito da bututun?"

"Babu wata dabara?"

Mai famfo ya san hanya amma ba ya son bi. Ya ce, "Akwai elbo, guntun bututu mai lanƙwasa. Amma zai turo masan gaba, ƙofar nan ba za ta buɗu duka ba. Kuma in ya zubo gobe, ba za a ce Baba Direba ne ya sayo ba, cewa za a yi wane ne ya yi aikin. Sunana ne zai yi wari. Abin da ban sayo ba, ba na tsaya masa." Ya tattara jakarsa. "Ka sayi na ƙasa, irin na kowa, in ɗaura maka yau."

"Irin na kowa ba za ta iya tashi daga kansa ba."

"To Allah Ya ba ta lafiya, Baba."

Wadda ake maganar, matar Direba ce. Shanyewar ɓarin jiki ta same ta tana tsaka da shanya, ta faɗi da zane a hannu. Tun daga ranar hannun hagu da ƙafar hagu suka daina jin kiranta, baki ya karkace. Ɗakinsu na haya a saman bene yake, banɗaki kuwa ɗaya ne a ƙasa, na duk mutanen gidan. Safe da yamma Direba zai goya ta ya sauko da ita matakala, matan gida suna sunkuyar da kai kamar ba sa gani, alhali ko ƙifta ido ba sa yi. 'Yarsu guda ce, tana aure can nesa, taimakonta kuka ne a waya.

Sai kuma Yayanta, mai kantin katifa, mutum mai tumbi da gajeriyar magana. Ya zo dubiya ya tarar da su a tsakiyar matakala, Direba ya tsaya yana haki, ita tana rataye a bayansa. Ya jira har suka hau. Sannan ya ce, "Ranar da za ka gangaro da ita, gawa biyu za mu ɗauka. Ka ce gidanka ya kusa. Zan zo ran Asabar in gani. In banɗakin ya yi, ku tare. In bai yi ba, ƙanwata ta koma gidana." Abin da ya sa Direba ya bar tagogi da shafe ya zuba komai a banɗaki ke nan.

Da mai famfo ya tafi, Direba ya shiga neman wani. Nan ya gane masu famfo dangin juna ne. Na farko ya zo ya leƙa, bai ko ajiye jaka ba ya ce, "Wa ya sa bututun?" Da ya ji suna sai ya ce shi ba ya shiga aikin wani, kada gobe a shiga nasa. Na biyu ya fita tsakar gida ya kira mai famfon farko a waya, Direba yana jiyo dariyarsa ta tagar buhu, ya dawo da fuskar ta'aziyya ya ce aiki ya yi masa yawa. Na uku tun daga bakin titi ya ce, "Kai ne mai masan da ke fitarwa ta baya? Ai labarinka ya riga ka." Direba ya zagaya shagunan kayan gini yana neman mai tsawo mai bakin ƙasa. Wasu ba su taɓa jin irinsa ba, wasu suka ce sai an aika, kuma wanda za a aika ya tafi jinyar uwarsa.

Da yamma ya hau benen da ƙyar, yana riƙe bango. Ya tarar da ita a gefen gado, ta sa hannun dama tana ƙoƙarin gyara ɗankwali.

Ya ce, "Fasinja, an gaji da jira?"

Haka yake kiranta tun da ya fara goyon ta. Ta ɗago ta dube shi da idon da ya saba karanta shi tun suna yara. Maganarta ta zama kamar ta wanda ya cika baki da ruwa, duk duniya shi kaɗai ke gane ta duka.

Ta ce, "Motar ce ta tsufa. Ina jin ƙararka tun daga ƙasa."

"Mota lafiya lau. Hanya ce babu kyau."

"Sun ɗaura?"

"Gobe."

"Ka sosa kunne. Ba su ɗaura ba."

Ya sauke hannunsa daga kunnen. Ya jawo baho da tsumma ya fara goge mata ƙafa, yatsa bayan yatsa, yana murza wadda ta mutu kamar zai tashe ta daga barci. Ta bar shi ya gama, sannan ta kama wuyan rigarsa da hannu mai rai.

"Direba, kada ka bari a kai ni gidan Yaya."

"Wa ya ce za a kai ki?"

"Ka ji ni dai. Matarsa ce za ta riƙa yi min tsarki. Kafin ruwa ya bushe a hannunta, gari ya ji kalar cinyata."

Ba sharri ta yi mata ba. Matar Yaya ana ce mata Gidan Rediyo, ita ma ta san sunan, har amsawa take in an kira da fara'a. In ta je barka, sai ta faɗa wa kowa jaririn da wa ya yi kama ban da ubansa. In ta je dubiya, kafin ta kai gida an san abin da ke ƙarƙashin gadon mara lafiya. Ga shi tun suna amare ba sa shiri da matar Direba.

"Babu wanda ya taɓa ganina haka sai kai. Ka bar shi a haka har in mutu."

Ya ce, "Na ji." Ya matse tsumman, ruwan ya ɗiga a baho.

Washegari ya sayo elbo da kansa, ya tafi sabon gidan shi kaɗai. Mutumin da ya taɓa ɗaure bututun ruwan mota a tsakiyar daji ya kawo ta gida, wai masai ne zai gagare shi? Elbon bai kama bakin masan daidai ba, akwai 'yar rata. Ya yanko tsohuwar robar cikin taya, ya naɗe wurin tam, ya bi da waya ya murɗe da filaya har sai da robar ta yi kuka. A gindin masan akwai ramuka biyu na noti, waɗanda ake huda tayil a kafe shi da ƙasa. Ba shi da injin huda, kuma ya ji tsoron kada guduma ta tsaga tayil ɗin da babu irinsa. Sai ya kwaɓa siminti mai kauri ya shimfiɗa a kan tayil, ya ɗora masan, ya shafe gefe da ɗan yatsa, sumul. Yana tsugune tun hantsi, da zai miƙe sai da ya rarrafa ya kama ƙofa.

Da simintin ya bushe ya dawo ya zuba bokitin ruwa. Ruwa ya wuce, ƙasa a bushe. Ya ƙara, ya sa tafin hannu ƙarƙashin robar, ko danshi babu. Ya girgiza masan da hannu, bai motsa ba. Ya ce a ransa, ina ma ɗan banzan nan mai famfo yana nan. Bai zauna a kai ba. Na Fasinja ne, ya ga bai kamata wani ya riga ta ba.

Ran Asabar Yaya ya zo da motarsa, Gidan Rediyo a gaba ta sha ado kamar mai zuwa buɗe kanti. Aka sauko da mara lafiya, aka naɗe kekenta na marasa lafiya aka sa a but ɗin motar. Da aka isa, Gidan Rediyo ta shiga tana ɗage zane daga yashi.

"Ikon Allah! Gida kamar kango, banɗaki kamar otal. Mijin ƙanwata, a nan za ku riƙa kwana?"

Yaya ya ce, "Yi mana shiru." Ya tura keken har bakin banɗakin, ya tura ƙofa. Ƙofa ta tafi rabi ta bugi masai, ƙwas, ta tsaya. Ya dubi ƙofar, ya dubi faɗin keken, ya dubi Direba.

Direba ya yi sauri ya ce, "Ba sai keke ya shiga ba, Yaya. Daga nan zuwa nan ne. Ba bene ba ne."

"Wa ya yi aikin?"

"Ƙwararre ne."

"To a gwada mu gani. Ba kallo muka zo ba."

Direba ya juya ya duƙa a gaban keken, ya jawo hannunta mai rai ya ɗora a kafaɗarsa. Ta raɗa masa a kunne, "A hankali, akwai 'yan sanda a hanya." Ya shiga da ita a karkace, ya tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Ya gyara mata zane, ya zaunar da ita. Tsawon ya yi daidai, kamar an auna ta. Ta dubi farin bango, ta dubi famfo, ta dube shi, ɓarin fuskarta mai rai ya yi murmushi.

Ta ce, "Juya baya, mara kunya."

Ya juya yana dariya ƙasa-ƙasa.

Mai shanyewar ɓarin jiki ba ya zama a tsakiya. Duk nauyinta hagu yake tafiya. Siminti kuma ba ya kama tayil mai santsi, zama kawai yake yi a kansa. Direba ya ji wani ɗan sauti a bayansa, kamar an taka ɓawon ƙwai. Kafin ya waiwayo masan ya ɗaga gindi ta dama, robar ta zame daga elbo, duk abin da ke ciki ya kwararo ƙasa. Ta sulale tsakanin masai da bango, kanta ya bugi tayil, zane ya tattare har ƙugu.

Ya zabura ya sa hannu biyu a hammatarta ya ɗaga. Wani abu ya tsinke masa a gadon baya, kamar an soka masa ƙarfe mai zafi. Ƙafafunsa suka saki. Ya zube a kan gwiwa, daga nan ya kife a gefenta, kuncinsa cikin ruwan.

Ruwan ya bi gangaren da mai tayil ya yi, wanda ya wuce ƙa'ida kaɗan, ya fita ta ƙarƙashin ƙofa.

Daga waje aka ji muryar Gidan Rediyo. "Wai! Mene ne wannan? Takalmina!"

Yaya ya buga ƙofa. "Lafiya? Kai, lafiya?"

Matar Direba ta damƙi hannunsa, idonta a waje. "Kada ka buɗe. Tashi. Rufe ni tukuna."

Ya yunƙura. Ko ɗaga kai ya kasa. Ya miƙa hannu zai jawo mata zanen, hannun bai kai ba, saura kaɗan. Jini yana bin gefen kunnenta, siriri, yana shiga wuyan riga. Ya daɗe yana kallon jinin nan.

Sannan ya ce, da muryar da ba tasa ba, "Ku shigo."

Yaya ya tura ƙofa, ya hango cinya, ya ja da baya yana salati. Ƙanwarsa ce, ba zai shiga a haka ba. Ya ce wa matarsa, "Shiga ki rufe ta."

Gidan Rediyo ta kutsa ta rabin ƙofar, ta toshe hanci da gefen mayafi. Ta tsaya. Ta dubi ƙasa, ta dubi robar taya da waya, ta dubi dattijo kwance cikin ƙazanta, sannan ta dubi matar tun daga tafin ƙafa har sama, a hankali, ba ta bar komai ba. Ta ce, "Oh, 'yar uwa. Ashe haka kika koma." Sai a sannan ta ja zanen.

Ita da mijinta suka ciccibo ta suka ɗora a keke. Yaya ya danna mata hankici a kunne. Direba ya ja jiki da gwiwar hannu har bakin ƙofar banɗakin, ya jingina kafaɗa da bango. Daga nan bai ƙara iya gaba ba.

Matar Direba ta fara magana. Da sauri take yi, bakin yana ƙara karkacewa, yawu yana zuba, idonta a kan mijinta. Cewa take kada ya bari. Cewa take ta yarda da benen, ta yarda da bahon, ya bar ta a kan tabarma a kangon nan ma ta yarda.

Yaya ya sunkuya ya kasa kunne, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya juyo. "Me take cewa?"

Direba ya gwada motsa ƙafarsa ta dama. Zafin ya hau har ƙeya. Ya tuna matakalar da ke jiransu yau da yamma, da gobe da safe, da jibi. Ya dubi hankicin da ya rine.

"Kai nake tambaya. Me take cewa?"

Direba ya sunkuyar da kai. "Ta ce ku tafi da ita."

Ƙarar da ta fito daga bakinta ba magana ba ce. Ta ɗaga hannun dama tana dukan hannun keken, tana duka, tana duka. Gidan Rediyo ta riƙe hannun tana cewa, "Yi haƙuri, mun ji, yanzu za mu tafi. Ai ni zan kula da ke da kaina." Ta juya keken ta tura ta cikin yashi, tayoyin suna nutsewa, muryar tana nisa har aka rufe ƙofar mota.

Yaya bai bi su nan take ba. Ya tsaya a kan Direba yana huci, ƙasan wandonsa a jiƙe.

"Ƙwararre, ko?"

Direba ya kawar da kai.

"Zan turo a ɗauke ka a kai ka asibiti, don Allah ba don kai ba. Kayanta kuma a haɗa, za a zo a karɓa. Kada in ga ƙafarka a gidana sai na neme ka."

"Yaya, da safe ba ta son ruwa mai zafi sosai. Kuma ƙafar hagun sai an..."

Yaya ya riga ya kai zaure. Ya fita ya jawo ƙofar ƙarfen da duk ƙarfinsa, garam, har buhunan tagogi suka girgiza.